Wasiƙa zuwa ga Auta a kan akwatin da ba a cike ba

Birnin Kebbi

Zuwa ga ƙanena Auta, a Sarandosa.

Na ga hoton lissafin ƙungiyarku ta manoman albasa da ka turo ta WhatsApp. Na ji daɗi da dattawa suka damƙa maka wannan amana, karatun jami'ar Aliero ya fara amfanar gari ke nan. Ka ce Excel ya cika maka layin farashi da #DIV/0!, har kana shirin zuba sifili a duk akwatin da babu komai don ka huta. Don Allah kada ka yi.

A tsarinka, layin B buhunan da mutum ya kawo ne, C kuɗin da aka sayar, D kuma farashin buhu ɗaya, wato C a raba da B. To, mutum iri biyu ne ba za ka ga buhunsu a rubuce ba. Akwai wanda albasarsa ke nan a rudu, ya ƙi kai ta kasuwar Aliero lokacin cira da kaya suka yi yawa, yana jiran ta yi daraja da damina. Akwai kuma wanda tasa ta ruɓe, bai tsira da ko buhu ɗaya ba. Na biyun nan shi ya cancanci sifili. Na farko ba a san nasa ba tukuna, sai a bar akwatinsa yadda yake.

A ce mutum uku sun kawo buhu 20 da 30 da 40, na huɗu bai kawo ba tukuna. In ka bar wurinsa ba komai, AVERAGE zai tsallake shi ya ba ka 30. In ka sa masa sifili, sai ya raba 90 gida huɗu ya ba ka 22.5. Ranar taro ka karanta wa mutane cewa noman bana ya yi ƙasa, alhali kayan suna nan a ajiye.

Inda gizo ke saƙa shi ne, wajen rabawa da ninkawa Excel yana ɗaukar akwatin da ba komai a matsayin sifili. In B ne babu komai, sai ya yi maka kuka da #DIV/0!, wannan da sauƙi tunda ka gani. In kuwa an rubuta buhu amma dillali bai kawo kuɗi ba, sai ya ba ka farashi 0 shiru, ba gargaɗi. Saboda haka ka sa wannan a D2, ka ja shi har ƙasa:

=IF(COUNT(B2:C2)<2,"",IF(B2=0,"asara",C2/B2))

COUNT lambobi kaɗai yake ƙirgawa. In bai samu lamba a B da C duka ba, fomular za ta bar D fayau. In an rubuta sifili a duka biyun, za ta ce asara. In komai ya cika, sai ta raba. Ta haka ko wani ya rubuta "buhu 20" maimakon 20, ko ya danna tazara a akwatin bisa kuskure, ba za ta ruɗe ba, kai kuma ganin D babu komai zai sa ka koma ka duba.

Abokanka za su ce ka yi amfani da ISBLANK. Yana aiki a akwatin da ba a taɓa rubuta komai ba, amma akwatin da ke ɗauke da fomula, ko da ido bai ga komai a ciki ba, a wurinsa cike yake. Haka nan in ka ninka irin wannan D da wata lamba, Excel zai ba ka #VALUE!, amma SUM da AVERAGE suna wuce shi lafiya lau.

Wasu kuma za su nuna maka IFERROR, wanda ya shigo tun Excel 2007. Shi kowane kuskure rufewa yake yi, har wanda kai ka tafka a fomula. Kamar a naɗe karaya da tsumma ne ba a yi ɗori ba, kuma ka san abin da masu ɗorin Aliero za su ce a kan haka.

Na ƙarshe, a gefe ka sa =COUNTBLANK(B2:B60), ko iya inda sunayenku suka tsaya. Adadin da ya fito shi ne mutanen da za ka bi gida-gida ka tambaya kafin a rufe lissafi. Kuma ka gaya wa duk mai taya ka shigar da lamba cewa sifili sai an ji daga bakin mai kaya.

In ka gyara ka turo mini fayil ɗin kansa in duba, hoto ba ya nuna fomula. Ka gaida Inna da kyau, ka ce mata maganinta zai zo ta hannun direban Jega ranar kasuwa. Allah ya sa albarka a aikin.

Naka,
Yayanka