Dutsen Safiyo

'Yar uwa, da a ce a da can wani ya ce mini wata rana zan bar ɗakina da sassafe, in hau tsauni cikin sanyi da yayyafi don kawai in dafa wani guntun kankare, da na ce a kai shi a yi masa rubutu ya sha. To amma na yi, kuma ba sau ɗaya ba.

A shekarar 2015 maigidana ya samu ƙaro karatu a garin Shefild na ƙasar Ingila, ya tafi da ni. Watannin farko wallahi kuka na sha, domin daga ɗaki sai kicin, babu mai leƙo ki balle a yi hira. Ana nan sai Allah Ya haɗa ni da maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya da mijinta ya rasu. Duk Asabar nakan hango ta da ƙaton takalmi da jaka a baya, sai yamma liƙis ta dawo duk taɓo. Ran nan dai na kasa haƙuri na ce, "Iya, wai gona gare ki?"

Ta yi dariya, ta ɗauko wani littafi cike da lambobi da kwanan wata. Ashe duwatsun safiyo take bi. Hukumar zana taswira ta ƙasarsu, Ordnance Survey, ta fara kafa su a 1936, na farkonsu a wani ƙauye Cold Ashby, ba a gama aikin awon ba sai 1962. An kafa fiye da 6,000, yawanci a kan tudu, yadda idan gari ya yi wasai mai awo zai tsaya a kan ɗaya ya hango aƙalla guda biyu, ya auna kusurwar da ke tsakaninsu, da haka aka auna ƙasar kaf. Da tauraron ɗan Adam ya karɓe aikin sai aka bar yawancinsu a daji, masu sha'awa irinta suka shiga farautarsu. A 2016 ma wani mutum, Rob Woodall, ya gama zagaye 6,190 daga cikinsu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Da na nemi izini, maigida ya dube ni ya ce, "Maman Ummi, dutse kuma? Duk duwatsun da muka baro a gida?" Na ce, "Baban Ummi, ka dai bar ni in sha iska." Ya bar ni.

Tsaunin Kinder muka nufa. Babu kwalta, babu gida, sai ciyawa da baƙar laka mai haɗiye ƙafa har ƙauri. Zanina ya jiƙe, numfashi ya ƙare, sau biyu ina cewa mu koma. Can cikin hazo sai ga shi a tsaye bisa wani falalen dutse, a tudun da ya kai mita 633. Tsayinsa bai wuce ƙirjina ba, a kansa akwai ƙarfen tagulla mai tsaga uku inda ake ɗora na'urar awo. Iya ta duƙa ta share lambar da ke gefensa da ɗan yatsa, ta rubuta a littafinta.

Ni kuwa ina dafa shi sai hawaye. Ta zaci gajiya ce. Mahaifiyata na tuna.

Lokacin da Baba ya rasu ya bar mana fuloti a bayan gari, da takardarsa, da duwatsun safiyo huɗu a kusurwoyinsa. Inna na cikin takaba, mu kuma duk mata ne sai autanmu da ke goye. Kafin shekara ta zagayo maƙwabcin filin ya tumɓuke biyu, ya ja katangarsa ta cinye kusan rabi. Da aka je gaban mai unguwa aka ce Inna ta nuna inda duwatsun suke a da, sai ta yi shiru. Ba ta taɓa zuwa wurin ba. Mu ma haka. Takardar na nan a ƙasan akwati cikin turmin atamfa, amma babu ɗayanmu da ta san lambobin da ke jikinta su ne a jikin duwatsun. Inna ta ce ta bar wa Allah, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake ɗaga maganar ba.

Ga shi nan wata tsohuwa tana shan wahalar tafiyar awa uku don ta gaida dutsen da ba gadonta ba, ba ta da ko taku ɗaya a wurin.

Kafin mu baro ƙasar na dafa guda goma sha ɗaya, ni ma da ɗan littafina. Da muka dawo a 2018, sati biyu ban cika ba na ce wa ƙanena ya ɗauko fartanya ya raka ni filin da na saya da kuɗin adashina, wanda tun da aka biya ban taɓa takawa ba. Rana ta take muna tono. Mun samu uku, ƙasa ta binne su, na share lambar kowanne na gwada da ta takarda. Na huɗun yana ƙarƙashin tulin bulon maƙwabci. Na zauna a kan bulon na ce a kira mini shi, ina jira.