A Bar Yaran Unguwa Su Faɗa da Bakinsu

'Yan uwa, tunda mu-ya-mu ne, bari in faɗa muku abin da ya daɗe yana cina. Kullum sai mu ji ana cewa rashin kuɗi ne ya hana mu yin fim mai ma'ana a kan samarin bayan gari. Ni dai ban yarda ba.

Ku dubi abin da mai shirya fim Jean Rouch ya yi a Treichville, unguwar 'yan ci-rani a gefen Abijan. Kyamararsa 'yar ƙarama ce mai 16mm, da hannu ake wana ta, ba ta kai rabin minti take tsayawa, kuma ba ta ɗaukar murya. To me ya yi? Ya bi samarin Nijar masu dako da leburanci, ya ɗauki rayuwarsu, daga baya ya nuna wa ɗaya daga cikinsu, Oumarou Ganda, hotunan, ya ce ya yi magana a kai yadda ransa ya so. Haka aka samu Moi, un noir a 1958.

Kun san abin da ya fito daga bakin Ganda? Ga saurayi, ya yi wa Faransa yaƙi a Indochina, ya dawo aljihu fayau, yana mafarkin zama zakaran dambe, yana son a gan shi da mutunci ranar Asabar in an fita rawa. Wane marubuci ne zai zauna a ofis ya ƙago wannan? Kuma wannan ɗan dakon shi ne ya zama darakta, har fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1972.

Aicha Macky ma sauraro ne jarinta. A fim ɗinta Zinder na 2021 ta shiga unguwar Kara-Kara a Damagaram, ta zauna da samarin da gari ke tsoro, masu ɗaga ƙarfe da fasa-ƙwaurin fetur. Sai ga su suna maganar ciyar da iyali da neman sana'ar da za ta raba su da kurkuku.

Yau wayar da ke hannunmu ta fi kyamarar Rouch nesa ba kusa ba. Ƙannenmu na Rimin Kebe da Rigasa suna da abin faɗa a kan zumunci da rufin asiri. Don Allah mu je mu zauna da su, mu yi haƙuri mu saurara, sannan mu kunna kyamara.