Daga Bici Zuwa Jidda: Nisan Tafiya Da Lokacin Salla

Duk wanda ya tsaya a tashar motar Bici da sassafe zai ga 'yan kasuwa da ma'aikata sun kama hanyar Kano, tafiyar kilomita 40 ko sama da haka kaɗan, gonakin gero da dawa da gyaɗa dama da hagu. Mun sha jin masu wannan zirga-zirga suna tambaya ko kasaru ta halatta gare su. Amsar malamanmu na Malikiyya ita ce a'a, domin ba a yin kasaru sai tafiya ta kai baridi huɗu, wato mil 48, kusan kilomita 80. Da nisa ake awon, ba da gajiya ba.

To, wannan ƙa'ida ita ce ke ɗaure wa maniyyacin Bici kai ran da ya hau jirgin sama. Daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, ninki goma ke nan na tsakanin Landan da Faris, amma cikin awa biyar ko ƙasa da haka an sauka. Kakanninmu kuwa da ƙafa da jaki suka bi ta Barno, da Abashe, da Fashir, da Hartum, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Wani ya shekara uku, wani bakwai, yana noman ƙodago a hanya don neman guzuri. Da yawa ba su komo ba. Zuriyarsu na nan a Sudan, irin su mutanen Mai Wurno da suka bi sawun hijirar Sarkin Musulmi Attahiru ta 1903. Abin mamaki, hukuncinsu da na mai jirgi ɗaya ne: raka'a huɗu ta koma biyu.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Agogon Makka ya riga namu da awa biyu. Jirgin da ya tashi Kano ƙarfe 12 na rana zai sauka wajen ƙarfe 7 na yammacin Jidda, rana ta faɗi ko tana dab da faɗuwa. Azahar da La'asar duk a sama suka same shi. Wanda bai shiga da alwala ba, bai kuma tambayi malami yadda ake salla a jirgi ba, sai ya buɗe aikin Hajjinsa da ramuwa. Haka batun harami: mai nufin Makka kai tsaye zai gifta daidai da mikati cikin ƙiftawar ido, alhali mai soma zuwa Madina yana da sarari har Zulhulaifa.

Awa biyar ɗin ma ba tabbas ba ce. A 2023 yaƙi ya rufe sararin samaniyar Sudan, jiragen alhazai suka dinga zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin kujera ya ƙaru.