Zaman Ɗalibi A Gidan Mutanen Tailan

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka in amsa wata tambaya da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta suke ta aiko mini tun da na komo daga ƙasar Tailan, watau wadda aka sani da Siyam kafin a sake mata suna a 1939. Suna cewa, wanda ya sami zuwa karatu can, ya zauna a gidan 'yan makaranta ne, ko kuwa ya yarda a sauke shi a gidan mutanen gari? Ni dai gidan mutanen gari aka sauke ni, na yi wata goma, daga Yuni 2023 zuwa Afrilu 2024, kuma shi zan zaɓa in an sake tambayata. Amma fa zaman yana da nauyi, gara mutum ya san nauyin kafin ya ɗauka.

Garin da na zauna sunansa Ciyan Mai, can arewacin ƙasar, wajen kilomita 700 daga Bankok babban birninsu. Tsohon gari ne, Sarki Mangarai ya kafa shi a 1296, har yanzu da sauran ganuwa da ƙofofi da gwalalo mai ruwa kewaye da shi, wanda duk ya san Kano ko Zazzau ba zai ga abin baƙo ba. Mai gidana tsohon ma'aikacin gidan waya ne, matarsa tana sayar da abinci a kasuwar safe, suna da 'ya'ya biyu, da wata tsohuwa, uwar matar. Tun ranar fari aka gaya mini in riƙa ce da mai gida Fo, watau baba, uwargida Me, tsohuwa kuwa Yai. Yaran suna ce mini Fi, ma'anarsa yaya, ni kuma in ce musu Non. Kafin su tambayi aikina sai da suka tambayi shekaruna, gama a wurinsu ba a san irin gaisuwar da za a yi wa mutum ba sai an san wa ya girmi wani. Ƙarami shi ke fara haɗa tafin hannu a ƙirji ya sunkuyar da kai, babba ya amsa.

Turancin da na sha bulala a kansa a makarantar Mishan bai yi mini rana ba a cikin gidan nan, domin Turawa ba su taɓa mulkin ƙasar ba, talakansu kuwa bai ga dalilin wahalar da kansa ba. Tilas na kama harshensu. A nan Bahaushe yana da sa'a. Yadda mu ke rarrabe kuka na hawaye da kuka ta miya da hawa da saukar murya, haka su ma, sai dai nasu muryoyin biyar ne. Kalma guda, ma, in ka faɗe ta a miƙe zuwa ce, in ka ɗaga doki ne, in ka sauke sa'an nan ka ɗaga kare ne. Turawan da mu ke aji ɗaya suka yi ta fama, ni kuwa kunnena ya riga ya saba tun daga gida. Rubutun ne ya gagare mu duka, baƙaƙe 44, ga shi ba sa barin fili tsakanin kalmomi.

Akawu ya lura da kwanan wata. Lissafin shekararsu ya wuce na Miladiyya da 543, saboda haka takardar 2024 za ka ga an buga mata 2567. Dokarsu ta shige da fice ta 1979 ta ɗora wa mai gida ya sanar da hukuma cikin sa'a 24 in ya sauki baƙo ɗan wata ƙasa, baƙon kuma ya riƙa kai rahoton inda ya ke kowane kwana 90. Motoci hannun hagu su ke bi, yadda mu ke yi kafin 1972. Abu ɗaya kuma da na ke gargaɗin samarinmu masu son gardamar siyasa a gindin bishiya: zancen Sarki da gidansa ba a yinsa da wasa, hukuncin ɓata sunansa ɗaurin shekara 3 ne zuwa 15.

Abinci shi ne babban abin da ya tsaya mini a rai kafin in tafi, gama ba na cin alade, su kuwa shi ne namansu na yau da kullum, har a romo da man suya. Na faɗa wa Me a daren fari. Ba ta ce kome ba, sai murmushi. Kashegari na ga ta sayo sabuwar tukunya da sabon kasko ta rataye su dabam. Sai bayan wata biyu ƙaramin yaron ya ɓaro mini zance, ashe tun zuwana gidan duka sun bar dafa alade da dare, kifi da kaza kawai a ke ci, don kada in zauna ina kallon abin da ba na so. Ba wanda ya gaya mini, ba kuwa wanda ya yi niyyar gaya mini.

Wannan hali su ke kira kirenjai, kuma shi ne abin da ya fi kome wuya a zaman. Ya yi kama da kara da kunya irin tamu, amma ya zarce. Mu in baƙo ya matsa mana, a ƙarshe a kan sami wata gwaggo ta yi masa habaici ya gane. Su ba su da wannan gwaggon. In ka tambaya ko ka takura musu sai su ce mai pen rai, watau ba kome, da fara'a, ko da kuwa akwai kome. Saboda haka baƙo ba ya dogara ga abin da aka faɗa masa, sai ya sa ido ya ga abin da aka sake saboda shi, ya nemi yadda zai rage musu. Ni abin da na yi, na ce ranar Juma'a da Asabar zan ci a waje. Akwai tsohuwar unguwar Musulmi 'yan asalin Yunnan ta ƙasar Sin a cikin gari, da masallacinsu na Ban Ho, a nan a ke sayar da taliyar nan mai romon kwakwa da naman halal. Me ta gane abin da na ke nufi, ni ma na san ta gane, ba mu taɓa tayar da maganar ba har na taho.

Shinkafarsu ta arewa ba irin ta buhu ba ce da aka daɗe ana kawo wa kasuwanninmu daga ƙasarsu. Mai danƙo ce, turara ta a ke yi, a dunƙula da hannu a dangwali miya kamar tuwo. Ran da na shiga kasuwa da Me na ji wani wari da na sani, na bi shi, sai ga daddawa, faifai-faifai, ta waken soya, su na kiranta tuwa nau. Na tsaya a gaban mai tallar nan kamar na ga ɗan garinmu.

A kasuwar nan ne kuma Me ta yi mini abin da gidan 'yan makaranta ba zai yi wa kowa ba. Baƙar fata ba ta da yawa a wajen, yara su kan tsaya su zuba ido, wasu manya kuma sun ji labarin 'yan ƙasarmu da aka kama da fataucin ƙwaya, su kan ja jiki. Ta riƙe ni ta bi rumfa rumfa tana cewa ga ɗanta. Daga ran nan mai kifi ya fara yi mini gyara.

Kowace asuba sufayen addinin Buda su kan biyo layi ba takalmi, da rawayen mayafi da ƙwarya, Yai ta durƙusa a ƙofar gida ta zuba musu shinkafa. A tsakar gida kuma akwai wani ɗan ɗaki bisa ginshiƙi, na iskokin wurin, a kan ajiye masa fure da ruwa. Sau ɗaya tak Yai ta miƙo mini ludayi. Na haɗa hannu na ce addinina bai ba ni ba. Ta karɓi ludayinta, ba ta ƙara ba, amma ni na ci gaba da ɗauko mata tukunyar daga madafa zuwa ƙofa, gama ƙafarta ta yi rauni, wannan kuwa taimakon tsohuwa ne.

Sauran ladubban ba su da wuya ga wanda ya sami tarbiyya: a tuɓe takalmi, kada a taka dokin ƙofa, kada a miƙe ƙafa wajen mutum, kada a shafa kan kowa, wanka safe da yamma. Mai ciwon ƙirji dai ya yi shiri, domin daga Fabrairu zuwa Afrilu hayaƙin ƙonan gonaki da daji ya kan rufe garin fiye da hazon hunturunmu, har dutsen Doi Sutep da ke bisa kansu ya ɓace.

Sabuwar shekararsu, Sonkaran, ta kama 13 ga Afrilu, kwana uku ana watsa wa juna ruwa a titi, babba da yaro. A cikin gida kuwa aka zaunar da Yai, kowa ya zo ya zuba mata ruwan ƙamshi a hannu, ita kuma ta sa masa albarka. Aka jera mu bisa ga shekaru, sai na ga an sa ni gaban 'ya'yan gidan. Bayan kwana huɗu Fo ya raka ni tashar jirgin ƙasa na dare mai zuwa Bankok, Me ta ƙunsa mini shinkafa da soyayyar kaza a ganyen ayaba, da daddawa faifai goma wai in kai wa mahaifiyata ta gwada da tata.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.