Muryar da Aka Ce Ba Ta Yi Ba

Maganar nan a tsakaninmu take. Auta ya roƙe ni kada sunansa ya fita, na kuma yi masa alkawari. Amma alkawarin suna na yi, ban yi na labari ba.

Muna da majalisa a ƙofar wani situdiyo a titin Gidan Zoo a Kano, bayan sallar isha'i. Benci biyu ne da tabarma ɗaya, ga mai shayi a gefe. Mu huɗu ne ba ma fashi: Baba, wanda ya yi ritaya daga aikin rediyo tun wasunmu na firamare, Injiniya mai haɗa sauti, ni da na shekara goma sha ina ɗora murya a tallace-tallace, sai ƙaraminmu da muke kira Auta. Ranar da nake ba ku labari, Auta ya zo ya zauna ko shayi bai karɓa ba.

"Lafiya kuwa, ɗana?" in ji Baba.

"Baba, yau na ji kaina a kasuwa."

Abin da ya faru shi ne, a watan Afrilu wani ya turo masa saƙo ta WhatsApp, wai ana neman murya ta tallar maganin basir, a gwada shi. Rubutun ya kai minti ɗaya da rabi, aka ce ya karanta duka a ji. Wanda ya san aikin nan ya san abin da hakan ke nufi. Sai ƙarfe biyun dare Auta ya samu unguwa ta yi tsit, janaretan maƙwabta ya mutu, adaidaita sahu sun daina wucewa. Ya kashe fanka domin makirfo na ɗaukar ƙararta, ya lulluɓa da bargo a zafin Afrilun Kano, yana haska takarda da fitilar waya. Ya karanta, ya goge, ya sake, har zakara ya ɓata masa ɗauka mafi kyau. Da safe ya tura. Bayan kwana biyu aka amsa masa da layi ɗaya: oga ya ce muryar ba ta yi nauyi ba, sai wani jiƙon.

"To yau na raka Inna Kasuwar Rimi, ina riƙe mata kaya. Sai ga wata mota da amsa-kuwa a kanta. Yaya, wallahi ni ne. Har wurin da na ja numfashi kafin in ce ‘ƙaiƙayi' yana nan. Inna ta tsaya ta dube ni ta ce, kai, ba kai ne wannan ba? Na ce ni ne. Ta ce, ma sha Allahu, nawa suka ba ka?"

Mun yi dariya, ba zan ɓoye muku ba. Injiniya har da ƙwarewa da shayi. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa a bencin nan yana da irin tasa motar.

Baba ne ya fara, kuma bai fara ta inda na zata ba. Ya ce shi bai yarda a ce gwaji zalunci ba ne. Ko kilishi za ka saya, mai kilishi zai yago maka ɗan guntu ka ɗanɗana. Mai zuma zai bari ka tsoma tsinke. Ba a sayen murya a cikin buhu. "A zamaninmu," in ji shi, "kai za ka je da ƙafarka, a miƙa maka takarda, ka karanta a gaban furodusa. In ba ka yi ba, a goge zaren a ɗora wani abu a kai, don zare tsada gare shi. Muryarka ba ta bin ka gida, ba ta kuma bin kowa. Yanzu kuwa ku da hannunku kuke naɗe ta tsaf, ku wanke ta, ku aika wa wanda ba ku taɓa ganin fuskarsa ba."

"Ke nan laifina ne, Baba?"

"Ban ce ba. Cewa na yi mai kilishi guntu yake yagowa. Ka taɓa ganin wanda ya miƙa faifan gaba ɗaya ya ce a ɗanɗana?"

Nan Injiniya ya shigo da dabarunsa. Shi mutum ne mai kwana a intanet, ya san yadda masu sana'ar ke yi a ƙasashen waje. Ya ce ka karanta layi biyu ko uku kawai, daƙiƙa goma sha biyar ta isa mai kunne ya gane murya. In sun nace sai duka, ka sauya sunan kayan, ko ka ɓata lambar wayar da ke ƙarshen tallar, ko a sa wani ɗan ƙara yana kutsowa lokaci-lokaci a ƙarƙashin muryar yadda ba za ta watsu ba. Auta ya ce ai in ya yi haka za su ce ya raina su. Injiniya ya ɗaga kafaɗa ya ce wanda zai biya bai cika jin haushin wannan ba.

Ni abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya daban ne, na kuma faɗa musu. Tun ranar 1 ga Oktoba 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da muryoyi da fuskokin 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Nijeriya. Mun yi murna, mun ce kasuwa ta buɗe. To amma manyan kamfanonin talla a Legas suke, da Turanci ake rubuta tallar, daga baya a nemi ta Hausa da Yarabanci da Ibo da Burokin. Sai dillali ya turo maka rubutun Turancin ya ce ka gwada da Hausa. Wa zai fassara? Kai. Ka zauna ka yi ta juya jimla har ta shiga daƙiƙa talatin, domin Hausa ta fi Turanci cin wuri, ka nemo karin maganar da za ta zauna daram, ka karanta, ka tura. Sau biyu ina jin fassarata a rediyo, kalma da kalma, a bakin wani. Ba su saci muryata ba, don haka ko ƙorafin ma rasa ta inda zan fara na yi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kada kuma ku ce ai ba a kashe komai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kunna janareta na awa ɗaya ya zama abin da ake shawara a kai. Ga data, ga kuɗin adaidaita, ga na situdiyo in ba ka da kayan aiki a gida. Injiniya ya ƙara da cewa a waje ma abin har ya fi haka: akwai shafuka irin su Voice123 da Voices.com inda mai murya ke biyan kuɗin shekara don a riƙa turo masa gwaji, ya shiga layi da ɗimbin mutane a kan aiki ɗaya. Baba ya riƙe haɓa. "Wato ka biya kafin a ba ka damar yin aikin kyauta?" Injiniya ya ce haka ne. Baba ya ce Allah ya kyauta.

Sai wani tunani ya zo mini, na ce musu ai yin aiki kafin a yi ciniki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Maroƙi fa? Wasa ka yake fara yi, ya yi wa kakanninka kirari, ba tare da kun yi tsada ba, sa'an nan ya jira abin da hannunka zai miƙo. Bambancin shi ne maroƙi a bainar jama'a yake aikinsa, idon mutane na kanka, kuma in ka yi masa rowa yana da zambo a aljihu. Kowa na tsoron bakinsa. Mu kuwa a ƙarƙashin bargo muke namu roƙon, ba shaida, ba zambo. In ka fito ka yi magana ma, gobe a ce yaron nan yana da rigima, a daina kiranka.

"Ba tsoron rigima kaɗai ba ne," in ji Baba. "Kunya ce ke kashe ku. Tela bai jin kunyar karɓar kafin alƙalami. Magini ba ya ɗora bulo sai ya ga kuɗin siminti. Ku ne kawai in aka ce muku ‘ai muryarka baiwa ce daga Allah', sai bakinku ya mutu, kamar wanda aka kama yana sayar da ruwan alwala."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Lokacin zaɓen 2023 na yi wa wani ɗan takara jingul har kala uku, a kan cewa mai girma zai saurara ya zaɓi ɗaya. Duka ukun aka yi ta sawa a motocin kamfen. Da na je neman haƙƙina, sai yaronsa ya dafa ni ya ce, "Haba Malam, kai da za ka zama muryar gwamnati?" Ɗan takarar ya faɗi zaɓe. Lambar ma ta daina shiga.

Muna nan sai Injiniya ya sassauta murya, alamar ya zo kan abin da ya fi damunsa. Ya ce duk wannan tsohon yayi ne, motar amsa-kuwa ai aƙalla kana iya cin karo da ita. Abin tsoro yanzu shi ne saƙon da ke cewa ka karanta jimloli ɗari biyu ko ɗari uku marasa kai da gindi, wai gwaji. Da irin wannan ake koya wa na'ura magana. Ya ba mu labarin Susan Bennett, wata Ba'amurkiya da ta shafe watan Yulin 2005 tana karanta jimloli wa wani kamfanin sauti, an biya ta kuɗin zamanta ta tafi. Sai a 2011 da Siri ta fito a wayar iPhone aka sanar da ita cewa ai muryarta ce. Ya kuma kawo na Bev Standing, 'yar Kanada, da ta maka TikTok a kotu a 2021 bayan ta ji muryarta na karanta rubutun mutane a manhajar, alhali wani aiki daban aka ɗauke ta ta yi. Daga baya suka sasanta a wajen kotu.

"Su da aka biya ma ke nan," in ji Auta.

Injiniya ya ce ba wai ba da murya kyauta ne aibu ba. Shi kansa ya karanta jimlolin Hausa a shirin Common Voice na Mozilla, da saninsa, da niyyarsa, an gaya masa tun farko kowa na iya ɗauka. Sadaka ce ya yi. Abin da ba ya so shi ne a zare masa sadaka daga aljihu. Ya ce a Amurka sai da ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta SAG-AFTRA ta yi yajin aiki na kwana 118 a 2023, batun na'ura na cikin manyan dalilai, har suka samu aka ƙayyade cewa gwajin farko da ɗan wasa zai ɗauka a gida kada ya wuce shafi takwas.

"Mu ina tamu ƙungiyar?" Auta ya tambaya.

Baba ya nuna bencin da muke kai. "Ga ta nan. Ni ne shugaba, mai shayi ma'aji."

Mun ɗan taɓa shawara ta gaske kafin mu tashi. Cewa in aka turo wa ɗayanmu gwajin da ya wuce layi uku, ya sanar da sauran, mu ji ko mu ma an turo mana. Cewa in da fassara a ciki, kuɗinta daban, kuma rabi a hannu. Cewa a riƙa tambaya a rubuce ina za a sa muryar, wata nawa, rediyo ne ko mota ko intanet. Auta ya ce gobe zai koma Kasuwar Rimi ya ɗauki motar nan a bidiyo. Baba ya ce ya je da Injiniya, kuma ya fara da sallama.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Wani dillali ne daga Legas, ya turo rubutun tallar garin madara, shafi guda cur da Turanci, ana so kafin takwas na safe, wai abokin ciniki zai zaɓa cikin muryoyi biyar. Na kifa wayar a cinya. Injiniya, da idonsa kamar na shaho, ya riga ya gani.

"Malam, wane ne?"

"Gida ne," na ce. "Uwargida ce ke tambaya ko in taho da biredi."

Baba bai ce komai ba, ya dai dube ni ta saman tabarau, ya kurɓe sauran shayinsa. A cikin adaidaita na rubuta wa dillalin cewa layi uku zan yi, fassara kuma sai da kafin alƙalami. Na goge. Na sake rubutawa, na ƙara masa "don Allah" a farko, na tura muna kan hanya. Alamar nan biyu ta yi shuɗi nan take. Har na isa gida bai amsa ba, kuɗin makarantar yara kuma ranar Litinin ne. Na tarar an kawo wuta, fanka na juyawa, bargon yana ninke a inda na bar shi.