Ƙirjin Kawu

Gangara, Jibiya

Mutumina,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Maraɗi. Mu ma lafiya lau, sai hazo da ya rufe gari, ƙura ta hana Kawu barci.

Ka tambaye ni jikinsa. Da sauƙi, amma fa ba Kawun da ka sani ba ne. Mutumin da ke ɗora buhun masara a mota shi kaɗai, yanzu daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu yana haki. Ka tuna ciwon da ya kwantar da shi a 2021, lokacin boda na rufe, ba ka samu zuwa dubiya ba? Mu muka ce zazzaɓi ne ya haɗu da mura, likitoci a Katsina suka ce korona ce. Ya yi kwanaki ana ƙara masa iska, aka sallamo shi, muka sha barka.

Ashe da sauran rina a kaba. Tari ya ƙi tafiya, wata safiya sai ga jini a kaki. Nan da nan aka ce tarin fuka ne, Inna har ta ware masa kwano da kofi. Aka gwada kakin, babu. Hoton ƙirji ne ya nuna rami a saman huhunsa na dama, kamar gara ta ci azara ta ciki.

Na tsare likita da tambaya, ka san halina. Ya ce korona ita kaɗai ba kasafai take huda huhu ba. Raunana shi take yi, sai wasu ƙwayoyin cuta su biyo bayanta, naman wurin ya ruɓe, mutum ya riƙa tofar da shi, a bar kogo. Wani kuma gudan jini ne ke toshe jijiya, wurin ya mutu. Abin da ya fi tayar mini da hankali, fumfuna kan shiga kogon ta dunƙule, ta riƙa jawo jini. Gefen ramin duk tabo ne, tabo kuwa ba ya shan iska, shi ya sa hakin.

Taba dai ya bari, da ƙyar da jiɓin goshi. Ba ya zama kusa da hayaƙin murhu, in zai fita sai da takunkumi. Masu maganin lasifika sun ci kuɗinsa sau biyu kafin ya haƙura.

Ƙanenka da ka ce tari ya yi wata guda yana damunsa, har ya rame, don Allah kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. A ƙasarmu nan, tarin fuka ne ya fi huda huhu, nesa ba kusa ba. A wajenmu gwajin kaki da magani duk kyauta ne, wata 6 ana sha ba fashi. Ka kai shi a duba.

Kawu na gaishe ka. Ya ce in za ka ƙetaro, kada ka manta da cukunsa da dabino.

Naka har kullum.