Littattafan da Suka Girma Tare da Mu

Mu da muka yi sakandare a shekarun 1980, adabin duniya ta ƙofar jarrabawa ya shigo mana. Hadda muke yi don mu ci, amma da dare a ɗakin kwana musu kan kaure: me ya sa ake kiran wani littafi gagarabadau? Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce Turanci mai tsauri, har da masu cewa ai duk abin da Bature ya rubuta shi ke nan ya zama babba.

Gandun Dabbobi ne ya raba mana gardama. George Orwell ya fitar da shi a 1945 yana zambo ga juyin juya halin Rasha na 1917 da mulkin Stalin, Bala Abdullahi Funtua kuma ya mayar da shi Hausa a 1975. Ba mu san Stalin ba, ba mu san inda Mosko take a taswira ba. Amma mun ji kiɗan soja na juyin mulki a rediyo a ƙarshen 1983, muka sake jin sa a watan Agustan 1985, kowane sabon shugaba da alkawarin gyara. Saboda haka da muka karanta yadda aladu ke sauya dokokin da aka rubuta a bango cikin dare, babu wanda ya nemi malami ya yi masa bayani. Dokin nan da ya yi bauta har ƙarfinsa ya ƙare, sannan aka sayar da shi ga mahauta, kowannenmu yana da kawu ko maƙwabci irinsa, mai jiran fanshon da bai zo ba.

Haka Julius Caesar na Shakespeare. Turancinsa ya ba mu wuya, amma wurin da Brutus ya yi jawabi jama'a suka yi masa tafi, Antony ya yi nasa jawabin suka juya nan take suna neman jinin Brutus, wannan mun gan shi a filin siyasa tun 1979. Shi kuwa Okonkwo na cikin littafin Chinua Achebe, wanda ya sare Ikemefuna, yaron da ke kiran sa baba, don kada a ce masa rago, ya sa ajinmu ya yi tsit. Mun san dattawan da tsoron abin kunya ya sa suka cuci na jikinsu.

Yanzu da furfura ta fito, na sake karanta su, na tarar Brutus ya fi ba ni tausayi, Okonkwo ya fi ba ni tsoro. Abin da shekaru suka koya mini ke nan: babban littafi shi ne wanda aka rubuta don wasu mutane a wata ƙasa, amma ya faɗa maka gaskiyar garinku, kuma kowace shekara ya ƙara maka wata. Ɗalibai, ku ci jarrabawa, amma kada ku sayar da littattafan nan bayan ta wuce.